Oba-oban Sama'ila Lasifika

Duk Wurno babu wanda zai ce maka bai san Sama'ila Lasifika ba, sai dai in kurma ne, shi ma ina kyautata zaton ya taɓa jin ƙasa tana rawa. Mahaifina ne, ni ce autarsa Aziza, saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba tsegumi ba ne, a cikinsa na tashi.

Dillalin albasa ne tun yana saurayi. Allah ya ba shi murya, bai haɗa masa da birki ba. In yana ciniki a bakin kasuwa, matan unguwarmu suna daga cikin gida suke sanin yadda albasa ta kwana kafin mazansu su dawo su yi musu ƙarya. An taɓa ba shi riƙon ladanci a masallacin unguwa shekarar da ladan ya tafi Makka. Kiran sallar kam ya yi daɗi, ba a ma kunna na'ura ba. Abin da ya ɓata lamarin shi ne da ya gama sai ya zarce da cigiyar akuyar da ta ɓata, daga nan ya koma kan masu tare ƙofar masallaci da takalma, ya bi su da suna ɗaya bayan ɗaya, har da na limamin. Tun ladan bai dawo ba dattawa suka roƙe shi ya huta. A nan sunan Lasifika ya kama shi, kuma bai taɓa jin haushinsa ba, don shi a ganinsa naɗi aka yi masa.

Da wayar hannu ta shigo gari kowa ya yi murna, ban da Baba. Waya ce ta koya wa mutane yadda za su tsere masa. A da in ya tare ka a hanya, sai dai ka jingina kekenka ka nemi inuwa. Yanzu kuwa yana tsakiyar ba ka labarin yadda ruwa ya ci gonar wane a Kagara sai ya ji ɗif. In ya sake kira a ce masa sabis ne ya ɗauke, ko kati ya ƙare, ko caji ya mutu.

"Ƙarya na," in ji shi. "Katse ni sunka yi. Ni ban san halin mutanen ga ba?"

Ya san su kuwa, domin ni kaina na sha ɗora wa sabis laifin da bai ji ba bai gani ba.

To amma mutumin nan da ya kira sunan kowa a garin nan, har jakin maƙwabcinmu yana da sunan da Baba ya raɗa masa, akwai suna guda da bai taɓa fitowa daga bakinsa ba. Sunan Yaya Siddiq ne, ɗansa na fari. Ɗan fari a wurinmu ɗan kunya ne, iyaye ba sa kama sunansa, ba sa wasa da shi a gaban mutane, in ya faɗi ma sai su kau da kai su bar wani ya ɗaga shi. Na Yaya kuma kunyar ta ninku, don sunan mahaifin Baba aka sa masa. Ana yaye shi Gwaggo Adama, yayar Baba, ta goya shi ta tafi da shi Maikujera, a can ya girma. Tun daga lokacin Baba ya samu mafita. In yana maganarsa sai ya ce "na Maikujera". In kuma suna fuska da fuska sai ya ce "kai", yana kallon bango.

Ba ƙinsa yake yi ba, kada a fahimce ni a karkace. Ranar da Yaya ya gama jami'a babu buhun albasar da bai ji labari ba a kasuwar Wurno. Amma da Yaya ya zo ya durƙusa ya faɗa masa da bakinsa, sai Baba ya gyara hula ya ce, "To, madalla." Har yau a gidanmu ana lissafa wannan a matsayin jawabi mafi gajarta da Baba ya taɓa yi.

Bana da Babbar Sallah Yaya ya zo daga Kaduna da matarsa Raihana da yaransu, ya kuma zo da labarin an mayar da aikinsa Fatakwal. Wuri ne da ba a cewa bari in leƙa gida in dawo. Baba kuwa ya haura saba'in, ga hawan jini, ga shi ba ya shan magani sai ya ga dama. Washegarin Sallah ina suyar nama a tsakar gida Yaya ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, yana tsintar wanda ya soyu.

"Aziza," ya ce, "kin san ni ban san yadda sunana shike cikin bakin Baba ba? Kowa ya jiya nashi, har jaki. Ni ko sau guda."

Da dariya ya faɗa. Amma na san dariyar Yaya, wannan ba ita ba ce. Ya ce shi dai yana so ya ji sau ɗaya kafin ɗayansu ya riga ɗaya, sannan ya cika baki da nama don kada in ba shi amsa. Wallahi ya ba ni tausayi, mutum da furfura ta fara fito masa a gemu. Ni da Baba ke kiran sunana safe da yamma har ina toshe kunne, ban taɓa tunanin abin da na gaji da shi wani yake nema ba.

Yaya ne ya kawo shawarar kafin ya tafi a kwashi gidan gaba ɗaya a je madatsar ruwa ta Goronyo, a shimfiɗa tabarmi, a ci naman Sallah, yara su ga ruwa. Ya ce yawon buɗe ido ake kiransa.

"Idon wa yar ruhe?" in ji Baba, yana tambayar bango.

Amma ya yarda, don duk inda za a tara mutane wuri guda ba su da hanyar gudu, Baba yana so. Sai maganar hanya ta taso. Mota biyu za a yi, sabis kuwa da ka bar gari sai yadda Allah ya yi, yanzu yana nan, an jima sai ka hau bishiya. Ga shi kowa ya san hanyoyinmu yanzu ba a son mota ta ɓace wa 'yar'uwarta, ba a kuma yin yamma a kansu. Yaya ya ce a sayi oba-oba, wayar nan ta masu gadi da 'yan sanda, wadda ba ruwanta da sabis, ita da 'yar'uwarta kawai suke magana. Ni da shi za mu je Sakkwato mu zaɓo. Muna fitowa muka tarar Baba ya riga mu shiga mota. Ya ce ba a sayen abu a gidansa babu dillali.

Mai shagon ya baje mana su kala-kala a kan tebur. Yaya ya zo da karatunsa a ka. Yana tambayar nisan da kowace take kaiwa, da daɗewar batir, da ko ana yi mata caji a mota tunda wutarmu sai ta ga dama take zuwa, da ko tana jure yayyafi. Ya nuna wani kwali da aka rubuta nisa mai ban tsoro a jikinsa. Mai shagon, Allah ya saka masa, mai gaskiya ne. Ya ce wannan nisan sai a wurin da babu gida, babu bishiya, babu tudu, wato sai a filin ƙiyama. A cikin gari kada mu sa rai da yawa, amma a fili ko a kan ruwa tana tafiya sosai.

Baba duk bai saurari wannan ba. Shi yana can yana yi musu gwajin albasa. Ya ɗauki wannan ya auna a tafin hannu, ya matsa ta da babban yatsa ko ta ruɓe a ciki, ya kai hanci ya sansana. Wasu ƙanana masu ruwan ɗorawa da Yaya ya so, don ba su da nauyi kuma yara ma za su iya riƙewa, Baba ya ture su gefe ya ce waɗannan ba su nuna ba. Sai can ya tambayi yadda ake aiki da abin.

Mai shagon ya ɗauki wata baƙa mai doguwar eriya. Ya ce ga maɓalli a gefe. Ka danna, ka kira sunan wanda kake nema, domin duk wanda ke kan tashar yana jin ka, in ba ka kama suna ba ba a san da wa kake ba. Ka faɗi maganarka, ka ce oba, wato ka gama, sannan ka saki. In ba ka saki ba, kai ba ka jin kowa, kuma babu wanda zai iya magana.

Baba ya ajiye wadda ke hannunsa a hankali.

"Tsaya, yaro. In na danna, ba mai katse ni?"

"Babu, Baba."

"Ko sabis?"

"Ba ruwanta da sabis."

"Kati hwa?"

"Ba a sa mata kati."

Abin nema ya samu. Ban taɓa ganin fuskar Baba ta yi haske irin na ranar ba, ko ranar aurena. Ya ce a ba mu baƙaƙen nan masu nauyi guda huɗu, ya yi cinikin da sai da maƙwabtan shagon suka leƙo, Yaya dai ya samu aka haɗa mana da igiyar caji ta mota. Maganar kama suna kuwa ta bi ta bayan kunnen Baba ta wuce. Ni na ji ta, kuma na ga Yaya ya ɗago ya dube ni. Muna fita mai shagon ya ja mana kunne cewa in mun zo shingen jami'an tsaro kada mu riƙa ɗaga su sama kamar masu wani nufi, mu yi bayani mu iyali ne.

Ranar tafiya aka raba. Ɗaya ga Baba, ɗaya gare ni, mu muna motar gaba wadda ɗan'uwanmu Atiku yake ja. Ɗaya ga Yaya da ke jan ta baya, ɗaya kuma ga Gwaggo Adama, wadda ta zo tun daga Maikujera ta ce ɗanta ba ya zuwa bakin ruwa ba ta nan. Innarmu da Raihana da yara duk suna motar Yaya.

Ba mu gama fita Wurno ba Baba ya danna. Ya fara da addu'ar hawa mota, ya wuce kan gonakin da ke gefen hanya, wane ya yi shuka da wuri, wane malalaci ne tun kakansa, wane ya sayar da albasarsa ɗanya saboda zai ƙara gini. Kalmar oba ta yi masa daɗi a baki, sai dai bai ɗauke ta a matsayin na gama ba, gishiri ya mayar da ita. "Gonar ga ta Ma'u ta, oba, dubi haki, oba, ko kunya ba shi ji, oba." Yatsansa kuwa yana kan maɓalli ko motsi. Ni da ke bayansa ina jin sa sau biyu, daga bakinsa da kuma daga cinyata.

A shingen jami'ai mu muka fara wucewa, Baba ya yi shiru na ɗan lokacin da aka leƙa mu, muna gaba kaɗan ya ci gaba daga inda ya tsaya. Gwaggo kuwa ta tuna gargaɗin da aka ba ta labari, ta cusa tata cikin zani ta ɗaure. Jami'in yana sunkuyowa tagar motarsu sai ga muryar ƙaton namiji tana fitowa daga ƙugun tsohuwa, tana zagin wani mai gonar wake. Raihana ta ce mutumin sai da ya ja da baya.

"Hajiya, wa ke magana a jikinki?"

"Ƙanena na, ɗan nan," in ji Gwaggo. "Haka Allah yay yi shi. Ko ba abin ga kana jin shi."

Yaya ya yi bayani, aka duba, aka yi dariya, aka sallame su.

Mun isa Goronyo da hantsi. Ruwa shimfiɗe har inda ido ya ƙare, yara suka yi tsit, sannan suka ɓarke da ihu. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin bishiyoyi kusa da motoci, aka buɗe kwanukan nama da waina. Oba-oban Baba ta riga ta mutu tun a hanya, abin da kwali ya ce zai yini Baba ya cinye shi kafin hantsi. Bai tsaya neman caji ba, ya miƙo hannu ya karɓe tawa.

Bayan an ci an sha Yaya ya ce shi fa sai ya shiga kwale-kwale, tun yana yaro yake sha'awa Gwaggo ta hana shi. Raihana ta ce yaranta dai ba inda za su. Ya samu wani masunci ya yarda ya zaga da shi, ya sa oba-obansa cikin leda ya ƙulle saboda ruwa. Baba ya dubi wata bishiya ya ce, "A hwaɗa ma na Maikujera ruwa ba sa'an kwando ba na." Bishiyar ba ta isar da saƙon ba, Yaya ya shiga suka tafi, muna kallo har suka zama ɗigo.

Hadarin farkon damina ba ya sallama. Muna zaune gabas ta yi baƙi, iska ta taso ta kwashi ledoji da mayafin Inna. Ruwan da ke kwance ɗazu ya fara tashi yana dukan gaɓa. Masunta suka yi ta dawowa da sauri suna jan jiragensu tudu. Mata suka kwashi yara suka yi mota. Ni da Baba muka gangara bakin ruwa muna duba jiragen ɗaya bayan ɗaya, babu na su Yaya.

Baba ya danna. "Kai! Kai! Ku komo! Ba ka ganin hadari? Oba! Wane irin taurin kai na wanga, oba, tun kana yaro haka kake, oba!" Ya yi ta yi, yana faɗa, yana addu'a, yana zagin masuncin da bai san sunansa ba.

"Baba, saki!" na ce masa. "In ba ka saki ba, ko ya amsa ba ka jin shi!"

Ya dube ni kamar na ce ya yanke yatsan. Sannan ya saki. Abin ya yi shuuu. Sai ga wata murya da ba mu sani ba, wani ne can a wani wuri da tasharsa ta haɗu da tamu.

"Malam, kai wa? Tun ɗazu ka cika muna kunne da kai, kai. Duk kai muke. Hwaɗi sunan wanda kaka nema."

Baba ya sake dannawa. "Na Maikujera! Na Maikujera, ka jiya?" Ya saki da kansa.

"Na'am, Sama'ila, ga ni cikin mota," in ji Gwaggo. "Mi ya hwaru?"

A wani lokacin da na yi dariya har na faɗi. A lokacin kuka nake yi. Ruwa ya fara sauka da ƙarfi, ba a ganin tsakiyar dam ɗin. Na kai hannu in karɓi oba-oban in kira da kaina, Baba ya ƙanƙame ta a ƙirji, ba a taɓa ƙwace magana daga hannunsa ba kuma ba ranar za a fara ba. Ya danna, ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Tun da nake ban taɓa ganin bakin Baba a buɗe babu sauti ba, kuma abin ya fi hadarin ba ni tsoro. Hularsa ta jiƙe, ruwa yana bin gemunsa.

"Siddiƙu!"

Yadda ya ƙwala shi, ina jin ko babu oba-oba sai ya haye ruwan. Masuntan da suka fake a ƙarƙashin rumfa duk suka waiwayo. Ya ɗauke yatsansa daga maɓallin ba tare da an ce masa ba, ko oban bai ce ba, ya kara abin a kunne ya tsaya.

Shuuu. Sai muryar Yaya, tana fita tas.

"Baba, lahiya muke. Mun hwake ga wancan gaɓa tun da iska tat taso." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma ban jiya da kyau ba. Wa kaka kira? Oba."

Har gobe Yaya yana rantsuwa wai ƙullin ledar ne ya ƙi kwantuwa, shi ya sa bai amsa da wuri ba. Masuncin kuwa da suka dawo ya ce mini tun kiran farko abin yana hannun Yaya a buɗe, yana zaune a kan tudu yana saurare. Ban yafe masa kukan da ya sa ni ba, kuma na faɗa masa.

Baba dai ya ɗauke oba-oban daga kunnensa ya ƙura mata ido. Na ce shi ke nan, yanzu za a ji zagin da ba a taɓa ji ba a ƙasar Goronyo. Ya juya mini baya, ya fuskanci ruwa, ya kai ta dab da bakinsa. Mutumin da ake jin cinikinsa daga ƙarshen unguwa ya yi magana a hankali, har sai da na matsa kafin na ji.

"Siddiƙu nika kira. Ɗana. Oba."

Ya saki.

Daga can aka danna, muka ji ƙarar ruwa a kan ledar, muka jira magana. Babu magana. Sai jan hanci, da numfashin babban mutum da yake ƙoƙarin kada a gane kuka yake yi, ya kuma manta yatsansa yana kan maɓalli. Ya daɗe a haka. Gwaggo tana ji daga mota, Inna tana ji, baƙon nan ma na tashar yana ji.

Baba ya tsaya cikin ruwan sama da abin a kunnensa, bai katse shi ba. Ko da ya so ma babu hali, shi da hannunsa ya zaɓi wadda ba a katse mutum.